Bayis, Kwamin Walda ko Injin Kamfani: Wanne Ya Kamata Ya Riƙe Maka Ƙarfen Huda Lokacin Washi?

Duk mai kwamfiresa da jakhama a Legas ya san kuɗin ƙarfen huda dutse ba ƙarami ba ne, tunda daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma da dala yake tafiya. Shi ya sa ba a yar da shi don ya dakushe. Wasa shi ake yi a mayar da shi aiki, a sake wasawa, har sai haƙorin ya ƙare. Mutane kan tsaya su yi ta ciniki a kan dutsen washi, amma abin da zai riƙe ƙarfen lokacin da ake wasa shi, sai ka ji an ce ai ko yaro ya danne da ƙafa. A ganina ta nan yawancin asarar take shigowa.

Ƙarfen da nake nufi shi ne dogon nan mai fuska shida, mai rami a tsakiya inda iska ko ruwa ke bi su fito da garin dutse, da haƙori guda ɗaya mai faɗi na kabaid, wani haɗi mai tsananin tauri, da aka liƙa a bakinsa. Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne mai kaurin milimita 22, ana kuma samun 19 da 25. Kowace mita ɗaya ta mai 22 tana kai kimanin kilo uku, ke nan mai tsawon mita 2.4 ya haura kilo bakwai. Nauyin duk yana can baya, aikin kuma yana kan 'yan milimitoci a gaba, to hannun mutum ba zai iya haɗa biyun ba tare da rawa ba.

Masu ƙera shi sun ƙayyade siffar bakin. Fuskokin haƙorin biyu su haɗu a digiri 110, kaifin kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan doro, gwargwadon lanƙwasar da'ira mai milimita 80 daga cibiya zuwa baki. Lokacin washi ya yi idan faɗin dakushewar ya kai milimita 3, idan an auna milimita 5 daga gefen haƙorin. In ka fiƙe shi fiye da 110, bakin ya yi siriri, da ya daki abu mai tauri sai ya ɓantare. In ka bar shi da faɗi, ba ya ci, dukan jakhama yana dawowa kafaɗun mai riƙe da ita. In kuma ka ci fuska ɗaya fiye da ɗaya, kaifin ya kauce daga tsakiya, nauyin duka ya koma gefe guda. Saboda haka aikin mariƙi ba hana ƙarfe faɗuwa kaɗai ba ne. Ana so ya hana shi karkarwa, ya bari a juya shi a wasa ɗaya fuskar a daidai kusurwar farko, kuma kada shi kansa ya ji wa ƙarfen ciwo.

Legas kuma tana da nata sharaɗin. Ƙasarta yashi ce da laka, dutsen gini daga wajejen Abeokuta da Ibadan tifofi ke kawo shi. Ƙarfen da ke aiki a cikin gari kankare yake ci: rushe tsohon gini, huda dakin na bene, fasa kawunan ginshiƙan da ake kafawa cikin ƙasa a Lekki da Ikoyi. Cikin kankare akwai rodi, rodi kuwa ba dakusar da haƙori yake yi ba, ɓantare masa kusurwa yake yi. Gyaran ɓantarewa ya fi gyaran dakushewa cin lokaci da tara zafi, don sai ka ci haƙorin har ƙasan inda ya karye. Waɗanda kwamfiresarsu ke fita aikin fasa dutse a jihar Ogun su kuma da wata matsalar suke dawowa, ta cinyewar gefe, zan zo kanta. Ƙara da iskar gishiri da ke cin duk wani noti daga Apapa har Ajah, da wutar da ba ta da alƙawari.

Kafin ka sayi komai, yanke shawara ɗaya: wa zai motsa, dutsen washi ko ƙarfen? Ko dai ka kafe ƙarfen ka bi shi da girandar hannu, ko ka kafe dutsen a kan teburi ka kawo masa ƙarfen. Wannan ya shafi har dutsen da za ka saya. Kabaid ba ya jin dutsen tokan nan na washin ƙarfe. Koren dutse yake so, ko faifai mai garin daimon. Koren dutsen da aka yi wa girandar teburi, wadda ke juyi ƙasa da 3,000 a minti, kada ka kuskura ka ɗaura shi a ƙaramar girandar hannu mai juyi wajen 11,000. Tarwatsewa zai yi a fuskarka. Duba adadin juyin da aka rubuta a jikinsa tukuna.

Riƙo da hannu ko da ƙafa ba zan daɗe a kansa ba. Na tsaya a wani wurin gini a Ajah, an ɗora ƙarfe a kan guntun katako, yaro ya zauna a kansa, maigidansa ya tsuguna da giranda. Duk sanda faifan ya taɓa haƙorin sai ƙarfen ya ɗan mirgina, yaron ya mayar da shi da tafin hannu, ba kuma inda yake da farko yake komawa ba. Can yaron ya ce, "Maigida, ya fa yi zafi." Ya ce, "Tsoma shi a bokitin nan." Ƙarar cuuu ɗin da ta biyo baya ita ce ta gama da haƙorin. Kabaid mai zafi in ya haɗu da ruwan sanyi farat ɗaya, ƙananan tsagu yake yi waɗanda ido ba ya gani, sai ya shiga rami su buɗe, a ce kayan jabu ne. Ka'idar ita ce ko ruwa yana kwarara a kansa tun daga farko har ƙarshe, ko a bushe ɗungum, ana ci kaɗan-kaɗan ana barinsa ya huce da kansa.

Bayis na teburi, matsen nan mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaure ƙarfe a ciki, shi ne abin da yawancinmu za su fara tunani, kuma ba laifi. Ƙarfe mai fuska shida yana da fuskoki biyu masu kallon juna, muƙamuƙin bayis kuma a miƙe suke, to riƙon yana zama daram. Ba ya son wuta, ba ya zaɓen kauri, 19 da 22 da 25 duk nasa ne, gobe kuma ka yi wani aikin da shi. Ana samun na hannu masu nauyi a Owode Onirin, kusa da Mile 12.

Amma bayis yana da haƙora, kuma a nan gizo ke saƙar. Haƙoran an yi su ne don su nutse cikin abin da suka kama. Ƙarfen huda kuwa yana shan duka wajen dubu biyu a minti, kuma duk inda aka yi masa ɗan tabo a jiki, daga nan tsaga take farawa, ta yi ta ci a hankali har ranar da zai karye a tsakiyar aiki. Ɗauki ƙarfen da ya karye ka duba bakin karayar da kyau: sau da yawa za ka ga wani sashe mai santsi da layuka masu zagaye, sun taso daga wuri guda a gefe, sauran kuma ɓaro-ɓaro. Bi layukan zuwa tushensu, za ka tarar da tabo, ko na haƙorin bayis, ko na guduma, ko na tsatsa. Dalilin da ya sa ba a buga wa ƙarfen huda lamba da kurfi ke nan, ba a kuma ɗiga masa walda. Maganin mai sauƙi ne: a lanƙwasa fallen jan ƙarfe ko alminiyam a rufe muƙamuƙin biyu. Katako ma yana yi na ɗan lokaci, sai dai yana lotsawa, riƙon ya saki. Bayis marar wannan rigar, ni ban ƙirga shi cikin zaɓi ba.

Abu na biyu, bayis ɗaya ba ya ɗaukar dogon ƙarfe. In ka kama shi kusa da baki, kamar tafin hannu ɗaya daga haƙorin, wanda shi ne daidai don kada ya yi karkarwa, to wutsiyar tana reto, tana ɗaga bakin sama tana murɗa teburin. Dole a yi masa matokari a baya, ko da ƙarfe ne mai baki biyu da aka dasa a cikin tsohon wilin mota. Na uku, shi ne babba, bayis bai san digiri 110 ba. Ya riƙe maka ƙarfe, amma kusurwa da doro suna hannunka da idonka. Wanda ya ƙware zai fitar da abu mai kyau, musamman in yana da ma'auni: a ɗora sabon ƙarfe a kan falle, a zana bakinsa, a yanke, a rataye kusa da bayis, kowace fuska aka ci a gwada. Sabon yaro kuwa zai cinye maka haƙorin washi uku a zama ɗaya.

Bayis mai sarƙa na masu aikin famfo, wanda wasu ke ara don yana da ƙafafu uku ana kai shi wurin aiki, an yi shi ne don bututu mai zagaye. Sarƙar da haƙoran ƙasa a kan kusurwoyin ƙarfen suke cizo, wato daidai inda ba a son tabo. Bar wa masu famfo kayansu.

Sai kwamin walda, wanda mai walda na unguwa zai haɗa maka, a Agege ne ko Idi-Araba. Shi ne na fi so, shi ne kuma aka fi ɓatawa wajen haɗawa. Abin da ake yi shi ne kwami mai siffar V da ƙarfen zai kwanta a ciki, da noti ko hannu da zai danne shi daga sama. In ka ce wa mai walda ya yi maka V, abin da hannunsa zai fara kaiwa shi ne ƙarfen kwana, don ga shi a shirye. Ƙarfen kwana digiri 90 ne. Fuskoki biyu na maƙwabtaka a jikin ƙarfe mai fuska shida kuwa a digiri 120 suke haɗuwa. Kwantar da shi a ciki ka haska da fitilar waya ta ƙarƙashi: za ka ga haske yana wucewa, ƙarfen a kan kusurwoyi biyu kawai ya tsaya, fuskokinsa ba su taɓa komai ba. Ko ka juya shi yaya, fuskoki biyu ba za su zauna daram a lokaci ɗaya ba. Ka ɗaure noti iya ƙarfinka, da dutse ya taɓa shi sai ya nemi mirginawa.

Hanyar samun 120 ba ta buƙatar wani ma'auni. Kai wa mai waldar guntun ƙarfen huda da ya riga ya karye, ya manna faffaɗan ƙarfe biyu a fuskokinsa biyu na maƙwabtaka, ya matse, ya haɗa su ta baya da walda, sannan ya zare guntun. Kwamin da ya fito zai rungumi kowane ƙarfe mai fuska shida, babba ko ƙarami, domin kusurwar ba ta canzawa da kauri. Ka tsaya a kansa lokacin da yake yi. In ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne," nuna masa hasken fitilar.

Abin dannewa kuma kada ya zama notin gini. Zarensa ƙanana ne, garin dutsen washi na shiga ya cinye shi, damina ɗaya ta Legas ta ƙarasa shi da tsatsa. Nemi sandar tsohon jak ɗin mota, irin mai buɗewa kamar almakashi, a Ladipo ko wurin 'yan gwangwan. Zarenta manya ne masu faɗi, an yi su don ɗaukar nauyi, ƙura ba ta saurin kashe su. A saka ɗan jan ƙarfe a bakin da zai taɓa ƙarfen huda, a riƙa shafa giris, a rufe zaren da guntun tiyo.

Inda kwami ya tsere wa bayis shi ne ana iya gina kusurwar a jikinsa. In aka kafa shi gaban girandar teburi yadda tsayin ƙarfen zai yi digiri 55 da fuskar dutsen, rabin 110 ke nan, kowace fuska za ta fito daidai ba tare da kintace ba. In aka ɗora kwamin a kan ƙusar juyi da ke milimita 80 bayan bakin haƙorin, lilo shi hagu da dama zai fitar da doron da kansa. A sa ɗan tokare da bakin zai riƙa tsayawa a kai, a wasa fuska ɗaya, a sassauta, a juya ƙarfen fuska uku, a ɗaure, a wasa ɗayar. Kaifin zai faɗo a tsakiya. Sai dai ka duba kowane ƙarfe kafin ka ɗaure, ka tabbata haƙorin ya miƙe da fuskar dutsen, kada ka ɗauka duk iri ɗaya suke kwanciya. Aibinsa kuwa, yana cin fili, don wutsiyar mita biyu da wani abu tana shara lokacin lilo, wanda ke rakuɓe a rabin kwantena zai sha wuya. Koren dutse kuma yana saurin cinyewa, in ya ragu kusurwa ta gusa, sai an matso da kwamin an sake gwadawa da ma'auni.

Wasu maimakon noti sukan sa hannu mai dannawa, a ja sau ɗaya ya kulle, ko su liƙa filaya mai kulle a jikin kwamin. Sauri kam akwai shi, wanda ke da tulin ƙarafa a gabansa zai ji daɗinsa. Amma tazarar da yake kamawa kaɗan ce. An saita shi a kan 22, ka kawo 19 ya yi sako-sako, ka kawo 25 ya ƙi rufuwa, har ƙarfen da jikinsa ya ɗan siɗe sai ya zame. Karkarwar giranda kuma tana iya kwance shi ba ka ankara ba. In duk ƙarafanka kauri ɗaya ne, kuma hannun yana da notin saiti, sa shi. In gauraye suke, zauna a kan sandar jak.

Yanzu batun cinyewar gefe. Dutse mai tauri yana cin kusurwoyin haƙorin ta waje har bakin ya tsuke a gaba ya fi faɗi a baya, sai ƙarfen ya riƙa cijewa a rami. Gyaransa sai an wasa kewayen bakin, ke nan ƙarfen ya riƙa juyawa a hankali gaban dutse, ba a ɗaure ba. Bayis ba ya wannan aikin, kwamin 120 ma ba ya barin juyi. Dabarar ita ce guntun bututu da ƙarfen zai shige ya juya a ciki, a ɗaure bututun a kwamin. Bayan an gama a auna faɗin bakin, domin jerin ƙarafa a tsare yake: a wani jeri da aka saba, mai tsawon milimita 800 bakinsa 34 ne, mai 1,600 yana da 33, mai 2,400 yana da 32, don kowanne ya shige ramin da na gabansa ya bari. In ka rage na farko ya koma ƙasa da na biyu, na biyun zai maƙale, a wuni ana fama da ciro shi.

Injin kamfani, wanda aka ƙera don wannan aikin kaɗai, ya zo da mariƙinsa, da kusurwarsa, da lilonsa, wasu da bututun ruwa, akwai kuma masu aiki da iskar kwamfiresa waɗanda ba ruwansu da wuta. Tun shekarun 1940 da kamfanonin Sweden, Sandvik da Atlas, suka yaɗa ƙarfe mai haƙorin kabaid, washi ya tashi daga wutar maƙera ya koma kan dutse, irin wannan inji kuma ya zama kayan aikin manyan wuraren fasa dutse. Ingancinsa ba gardama. Tambayar ita ce ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Dutsensa mai siffa ta musamman ne, kafin ka biya ka tabbata za ka same shi a Legas in ya ƙare, in ba haka ba ka sayi abin ajiya. Mai jakhama da yawa a wurin fasa dutse, ko wanda ke son buɗe wurin washi ya riƙa karɓar na mutane, shi ya dace da shi. Mai kwamfiresa ɗaya da ke bin aikin rushe gini, wanda ƙarfe biyu ko uku yake wasawa a mako, bayis mai rigar jan ƙarfe da matokari da ma'aunin falle sun ishe shi. Wanda kuwa kullum sai ya yi washi, ko yaransa ne ke yi ba shi ba, kwamin 120 mai lilo shi ne kuɗin da zai fi saurin dawowa, don yana cire kintace daga hannun yaro.

Ba kowane baki ne ke bin wannan lissafin ba. Ana kuma shigo da ƙarafa masu kan cirewa, inda bakin yake hawa kan tsukakken ƙarshe mai digiri 7, ko 11, ko 12. Wannan ba sai ka ɗauko dogon ƙarfe ba: yanke tsohon da ya karye ka bar kamar taƙi biyu daga tsukakken ƙarshen, ya zama mariƙin bakunan, shi za ka ɗaure a bayis ko kwami. In bakin mai ƙwayoyin kabaid ne maimakon haƙori ɗaya, ba dutse ake sa masa ba, ƙoƙon daimon mai girman ƙwayar yake so, a kuma wasa shi tun faɗin cinyewar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙwayar ba. Tsinin fasa kankare marar kabaid kuwa har gobe na maƙeri ne, wuta da awartaki da masaba. Ko wanne kake wasawa, rufe hanci da ido. Kabaid garin tangistan ne da aka ɗaure da kobal, ƙurarsa tana yi wa huhu illa, kuma in ka gama ka busa ramin tsakiyar ƙarfen, don garin dutsen washi na taruwa a ciki.

In bayis na hannu za ka saya, kada fenti ya ruɗe ka, 'yan kasuwa sun iya shafe tsaga. Ɗaure shi har ƙarshe ka ɗaga shi sama ka duba ko haske na wucewa tsakanin muƙamuƙin. Buɗe shi kamar faɗin yatsu biyu, inda zai riƙa aiki ke nan, ka girgiza muƙamuƙin gaba: in yana kaɗawa sama da ƙasa, haka zai kaɗa da ƙarfenka. Ƙwanƙwasa jikinsa da sufana ka saurara, mai tsaga muryarsa a dushe take. Duba ƙarƙashi ko an taɓa yi masa walda a wuya, don nan yake karyewa. Ka kuma tafi da guntun ƙarfen huda a aljihu, ka ɗaure shi a gaban mai kayan, ka sa sufana ka gwada murɗa shi kafin ku fara maganar kuɗi.